Gasar Turai a Akwatin Talabijin da Makomar Ƙwallon Gida

(Jawabin da aka gabatar a zauren Ƙungiyar Ɗalibai)

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa a yau shi ne sha'anin tamaula, amma ba ta wajen wane ya ci wane ba. Tambaya ɗaya muke so mu bi sawunta. Me ya sa saurayin da ke zaune a Ƙofar Kwaya yake iya ganin kowane wasan Arsenal ko Chelsea daga farkon kaka har ƙarshenta, da kuɗin da bai fi na shayi da burodi ba, alhali kuwa ran da Katsina United ta tafi Aba ko Fatakwal, sau da yawa sai dai ya jira wani ya aiko masa da sakamako ta waya? London tana bayan teku, Aba kuwa tana cikin ƙasarsa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce wai samarin yanzu sun fi son kayan Turawa. Mu dai a ganinmu wannan amsa ta yi arha. Al'amarin na ciniki ne, kuma ciniki da lissafi ake gane shi.

Bari mu fara da abin da ake saya da sayarwa. Kowace gasa tana da masu ita, kuma su ne ke da ikon cewa ga wanda zai kafa kyamara a filin wasa, ga wanda zai watsa hoton a ƙasa kaza. Wannan iko shi ake kira haƙƙin nuna wasa, kuma gwanjonsa ake yi, wanda ya fi tayi ya ɗauka na shekara uku ko huɗu. A 1992 manyan kulob-kulob na Ingila suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka sayar da haƙƙin nuna ta na shekara 5 a kan fam miliyan 304, kamfanin BSkyB ne kan gaba a cinikin. A lokacin an ce kuɗin ya yi yawa. To, yarjejeniyar cikin gida da ta fara aiki a 2025 ta kai fam biliyan 6.7 na shekara 4. Wani abin lura ma shi ne, a zagayen 2022 zuwa 2025, abin da gasar ta samu daga ƙasashen waje ya zarce abin da ta samu a Ingila kanta. Watau mu 'yan kallo na nesa, daga Katsina har Sin, mun zama babban gindin arzikin. Shi ya sa kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a Firimiya, wanda aka kora ya koma ƙasa, yake tafiya da fiye da fam miliyan 100. Zakaran gasar Nijeriya kuwa, a 2023, Naira miliyan 100 aka ba shi. Lambar iri ɗaya ce, kuɗin ne ba iri ɗaya ba.

Yanzu mu bi Nairar saurayin nan na Ƙofar Kwaya mu ga inda take kwana. Ya miƙa ta a bakin ƙofar gidan kallo. Mai gidan ya cire na man janareta, da na haya, da na yaron da ke karɓar kuɗi, sa'an nan ya biya kuɗin wata na dikoda. Kamfanin tauraron ɗan Adam ya tara irin wannan daga dubban gidajen kallo da gidajen masu hali, ya nemi dala da ita, domin masu gasar Ingila da Sifaniya ba su san Naira ba. Daga nan dalar ta ƙetare teku, ta shiga albashin ɗan wasa, da ciyawar fili, da kyamarori masu kyau, waɗanda za su sa wasan baɗi ya fi na bana ƙayatarwa, saurayin ya ƙara ɗokin biya. A duk tsawon wannan hanya babu zangon da kobo ɗaya ke faɗuwa a asusun Katsina United. Filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda da yawanmu har yanzu Karkanda muke ce masa, yana cikin gari ɗaya da gidan kallon, amma a wajen kuɗi ba su haɗa hanya ba.

Ba haka abin yake ba tun fil'azal. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, kana a 1977 gwamnatin soja ta haɗe su duka a ƙarƙashin NTA. A waɗannan shekaru ƙwallon gida ba ta da kishiya a akwatin. An fara gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ɗauke ta. Shooting Stars ta Ibadan ta ciyo kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1976, Rangers ta Inugu ta maimaita a 1977, Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran ƙasa a 1978. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake cika fili tun kafin azahar, wanda bai samu shiga ba ya manne da rediyo. Mu Katsinawa ma muna da namu tarihin: Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ko da yake Allah bai nufe ta da ɗauka ba. Sai dai akwai wani ɓoyayyen rauni a wancan zamani. Gidan talabijin na gwamnati ne, yawancin kulob na gwamnati ne ko na kamfanoninta, don haka ba wanda ya ɗauki nuna wasa a matsayin haja. Alfarma ce ake yi wa kulob in an nuna shi. Ba a koyi sayarwa ba, domin ba a taɓa bukatar saye ba.

Shekarar 1992 da aka kafa Firimiya, ita ce kuma shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta yi Doka ta 38, wadda ta ba 'yan kasuwa izinin kafa gidajen rediyo da talabijin. Ba a daɗe ba kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya shigo, DStv ta fara aiki a 1995. Daɗin daɗawa, 'ya'yanmu suka fara bayyana a hajar da yake tallatawa. Daniel Amokachi, wanda ya taso daga Ranchers Bees ta Kaduna, ya koma Everton a 1994. Celestine Babayaro, shi ma ɗan Kaduna, ya je Chelsea a 1997, Nwankwo Kanu ya shiga Arsenal a 1999, Jay-Jay Okocha ya sauka Bolton a 2002. Wanda duk ya bincika zai tarar yawancin tsofaffin magoya bayan Arsenal a garin nan Kanu suka bi. Ashe ke nan kishin gida ne ya fara kai mutane gidan kallo, kafin ya rikiɗe ya zama wani abu dabam.

An taɓa yunƙurin ƙwace cinikin. A 2007 wani kamfanin 'yan ƙasa mai suna HiTV, ƙarƙashin Toyin Subair, ya doke SuperSport a gwanjon nuna Firimiya a Nijeriya. Aka yi ta murna, ana cewa kuɗin gida zai tsaya gida. Da zagaye na gaba ya zo a 2010, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kamfanin ya kasa kawo takardar lamunin banki a kan lokaci, haƙƙin ya koma hannun SuperSport, kafin ƙarshen 2011 HiTV ta rufe. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne inda jarin ya tafi. Kamfanin Nijeriya ne, da kuɗin bankunan Nijeriya, amma gasar Ingila ya je ya yi kokawa a kanta. Duk wanda ya ci gwanjon, masu Firimiya ne suka ci riba, domin 'yan takara biyu sun fi ɗaya ɗaga farashi.

Lokacin da gasar gida ta fi kusa da samun gindin zama shi ne bayan kafa kamfanin gudanar da ita, LMC. A 2013 aka sanar da yarjejeniya da SuperSport ta dala miliyan 34, ta shekara 4, wadda za ta fara daga 2015. Waɗanda suka kalli wasannin wancan lokaci sun san an ga canji. Kano Pillars tana tashe, ta ci gasar a 2012 da 2013 da 2014, ana nuna filin Sani Abacha maƙil da jama'a, har mutanen wasu ƙasashen Afirka suna gani. Sai Naira ta faɗi. A 2015 ana sayen dala a kan Naira 197 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2016 ta haura 300. A 2017 aka rabu ana ja-in-ja a kan sharuɗɗa da biya, kyamarorin suka tattara suka tafi, a daidai kakar da Katsina United ta dawo babbar gasa. A shekarar ce kuma kamfanin ya janye daga gasar Kenya. Gasar Ingila fa? Ita ba a taɓa ta ba. Kuma ba abin mamaki ba ne, gama in guzuri ya yi ƙaranci, ɗan kasuwa hajar da ke kawo masa masu saye yake riƙewa, ya saki wadda yake ɗauke da ita don neman suna.

A nan muke so mu ɗan daɗe, domin akwai wani sirri na wannan sana'a da yawancin masu gardama a majalisa ba su sani ba. Wanda ya sayi haƙƙin nuna Firimiya, dafaffen abinci ya saya. Masu gasar ne ke ɗaukar hoton da kyamarorinsu, su tace shi, su haɗa da maimaici da sharhi, su harba shi sama. Aikin mai saye shi ne ya karɓa ya rarraba. Wanda kuwa ya sayi haƙƙin nuna gasar Nijeriya, tsaba ya saya, shi zai surfa, ya niƙa, ya tuƙa. Sai ya ɗauko babbar motar ɗaukar hoto, ya bi da ita hanyar da ta fi kilomita 1,000 daga Ikko zuwa Katsina, da ma'aikata, da masauki, da man dizal, da fargabar hanya. In ya iso, wataƙila ya tarar babu wurin kafa kyamara a sama, ko fitilun fili ba su kama ba, ko an ɗage wasan jiya da dare ba a gaya masa ba. Wasanni 10 ake bugawa kowane mako a garuruwa 10. Saboda haka ko da kyauta aka ba shi haƙƙin, yana iya faɗuwa. Mai tsada a takarda ya zama mai sauƙi a aiki, mai arha a takarda ya zama mai cin jari. Masu talla su ma ba su yin sadaka: kamfanin waya ko na lemo inda idanu suka taru yake kai kuɗinsa, kuma kasafin tallansa ɗaya ne, abin da ya zuba a wasan Manchester United ya fita daga rabon Pillars.

Sa'an nan ga maganar lokaci. An saba take wasan gasar gida da ƙarfe 4 na yamma, bayan la'asar, saboda zafin rana da rashin fitilu. A watannin hunturu agogonmu yana gaban na Ingila da awa ɗaya, don haka wasanninsu na ƙarfe 3 na ranar Asabar da ƙarfe 4 suke zuwa mana, na ranar Lahadi kuma ɗaya da ƙarfe 3, babban da 5 da rabi. Wasanmu ya faɗa tsakiyarsu ke nan. Mai gidan kallo da ke da allo biyu ko uku ba zai ba Katsina United ɗaya ba a irin wannan sa'a, ko da ana nuna ta.

To, jama'a, ku saurari abin da su Ingilishin suka yi wa kansu. Tun shekarun 1960 suke da ƙa'ida cewa ba a nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talabijin a ƙasarsu ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Dalili kuwa shi ne kada mutane su zauna gida suna kallon manya, su bar filayen ƙananan kulob babu kowa. Ma'ana, wasan da Baturen Liverpool ba shi da ikon gani a akwatinsa, mu muna ganinsa a Ƙofar Kwaya. Sun katange gonarsu, sun sako mana awakin. Ba mu ga laifinsu ba, kowa gidansa yake gyarawa. Abin tambaya shi ne wace katanga aka yi wa tamu gonar.

An gwada yin ta sau ɗaya. A 2020, zamanin da Alhaji Lai Mohammed yake Ministan Watsa Labarai, hukumar NBC ta yi wa kundin ƙa'idojinta gyara. Gyaran ya hana kamfani ɗaya ya riƙe haƙƙin nuna wasa shi kaɗai, ya kuma ce wanda zai nuna manyan wasannin waje sai ya kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na abin da ya biya a kansu wajen sayen wasannin gida. Aka yi ca a kai, har a cikin hukumar kanta, kuma a 2022 wata Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta soke gyaran. A namu ra'ayin, an haɗa magana mai kyau da maras kyau a buhu ɗaya. Hana mallakar kaɗaici yana kashe gwanjo, kuma gasar gida ita ma da gwanjo za ta yi daraja. Amma batun kashi 30 yana da ma'ana, ko da za a rage shi zuwa 10. Kuskuren shi ne an bi ta taga. Abin da zai taɓa dukiyar mutane haka, Majalisar Tarayya ya kamata ta yi masa doka bayan an saurari kowa, yadda ba za a rushe shi da ƙara ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka duk laifin na baƙo ne. Mutanen Afirka ta Kudu suna kallon Firimiya kamar yadda muke kallo, amma a 2007 gasarsu ta sayar wa SuperSport haƙƙinta a kan Rand biliyan 1.6 na shekara 5. Tanzaniya, wadda ba ta kama ƙafarmu a yawan jama'a ko tarihin ƙwallo ba, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin Azam na 'yan ƙasarta a 2021, a kan Shilin biliyan 225.6, ana sharhi da Swahili, ran da Simba za ta kara da Yanga kuwa gari tsayawa yake yi. Mu fa? An buɗe NPFL.tv ta intanet, ba ta yi nisa ba. A 2023 aka sa hannu da StarTimes na shekara 5, a kan kimanin Naira biliyan 1 a shekarar farko, abin da a canjin lokacin bai kai dala miliyan 2 ba, alhali cinikin 2013 ya kama dala miliyan 8 da rabi a shekara. Wannan ma a 2025 ya tsinke. Bambancinmu da waɗancan ƙasashe shi ne su suna da hajar da mai saye zai amince da ita: jadawalin da ba ya sauyawa, da filin da baƙo zai iya cin wasa ya fita lafiya. A watan Afrilun 2022, a Kano, magoya baya sun farfasa motar Katsina United, aka ci Pillars tara aka kuma rage mata maki, a ƙarshen kakar duka biyun suka faɗa ƙaramar gasa, sai 2023 suka dawo. Wasan da ya fi kowane iya tara 'yan kallo a wannan yanki, shekara guda babu shi a babbar gasa. Wane ɗan kasuwa ne zai sa hannu a takardar shekara 5 a kan irin wannan?

Tushen abin, in an tona, yana komawa ga mallaka. Yawancin kulob ɗin gasar na gwamnatocin jihohi ne. Shugaban kulob da Gwamna ya naɗa, Gwamna yake kallo, ba 'yan kallo ba. Albashi daga baitulmali yake fitowa, ko an nuna wasa ko ba a nuna ba. A nan ne maganar ta shafe ku, yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi bayanku in Allah ya yarda, domin takardun da ke yanke waɗannan al'amura a teburin ƙaramin ma'aikaci ake fara rubuta su. In ana tsara kasafin kulob, kuɗin sayen 'yan wasa kowa ke gani. Gyaran fitilun fili, da dandamalin kyamara, da layin intanet mai ƙarfi a Karkanda, ba su da mai yi musu magana, alhali su ne ke rage wa mai nuna wasa tsadar aiki. Fitila ita ce za ta ba da damar a buga wasa ranar Juma'a bayan sallar isha'i, lokacin da iska ta yi sanyi kuma ba kasafai manyan Ingila ke fili ba.

Akwai kuma wata dukiya da muke zaune a kanta, watau harshe. Sashen Hausa na BBC ya gane haka tuntuni, ya yi shekaru yana kawo sharhin Firimiya da Hausa a rediyo. Masu shirya finafinan Hausa sun taso ne a kasuwar da finafinan Indiya suka mamaye, tun daga Turmin Danya a 1990, ba su kuma fi Indiyawa kyamara ko kuɗi ba, amma suka sami masu saye, har aka kafa tasha sukutum irin Arewa24 a 2014. Wasan Katsina United da Pillars, ko da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, in an ɗauke shi da kyamara huɗu masu kyau da mai sharhin da ya iya bakinsa, yana da kasuwa daga nan har Maraɗi da Damagaram, da zangon Hausawa na Kumasi. Da Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2021, bayan ya buga wa Leicester City, an ga yadda mutanen da suka manta da gasar gida suka waiwayo.

Sai dai haƙƙin nuna gasar a dunƙule ake sayar da shi daga sama, kulob ɗaya ko jiha ɗaya ba ta da ikon yin gaban kanta. Don haka abin da wakilan kulob-kulob na Arewa za su nema, duk ran da aka zauna sabon ciniki, shi ne a ware haƙƙin sharhin Hausa a sayar da shi dabam, kuma a rubuta cewa duk wasan da babban mai saye bai aiko da kyamara ba, haƙƙinsa ya koma ga kulob mai masauki, ya ba gidan talabijin na jiha ko wani ɗan kasuwa na gari ya ɗauka ya sayar wa gidajen kallo. Masu gidajen kallon Ƙofar Kwaya da Ƙofar Ƙaura da Sabuwar Unguwa suna da benci, da allo, da janareta, kuma a daren Juma'a yawancin bencin babu kowa a kai.

Ya Shugaba, a nan za mu dakata domin a ba masu tambaya dama.